Sarauniya a Maƙerar Jima

Walid: Alo? Salamu alaikum. Kaka Biba?

Biba: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

Walid: Ke tsohuwa, har muryar angonki kin mance? Walid ne, daga Madawa.

Biba: A'a! Mushe, malamin makaranta da kanshi! Ango marar cefane! An tashi lahiya?

Walid: Lahiya lau. Ina gajiya? Yaya ƙafar?

Biba: Da sauƙi. Yaya ɗalibanka, ƴan lakwal?

Walid: Suna nan suna cin raina. Mutanen Allakaye fa? An samu ruwa?

Biba: Ruwa kam har ya yi ɓarna. Tsohon rumbun nan na bayan ɗaki ya zube.

Walid: Subhanallahi! Ba wanda ya ji ciwo?

Biba: Ko kaza. Sai ƴar tukunya da munka tarar a gindinshi, cike da fararen kuɗɗi na da. Ina jin na uban kakanka ne, Alƙasim, wanda ya yi fatauci.

Walid: Mi? Sake faɗi, rezon waya ya ɗauke!

Biba: Na ce kuɗɗin azurfa! Manya-manya, masu nauyi.

Walid: Kaka, tsaya. Mi ke jikinsu?

Biba: Wata ƙatuwar mata, ta saki ƙirji ba kunya.

Walid: A baya akwai tsuntsu mai kai biyu?

Biba: To kai wa ya gaya maka?

Walid: Allahu akbar! Sarauniyar Otirishi ce, can ƙasar Turai! Da irinsu anka yi cinikin gishiri da tufafi tun Nasara bai zo ba! A littafi kawai na taɓa ganinsu, Kaka, ashe muna kwana kusa da su!

Biba: Daina ihu, kunnena guda ne mai aiki.

Walid: Kin san takardun kuɗɗin da nike tarawa wurin ƴan biɗa masu dawowa daga ci-rani? Dinarin Libiya, sidin Gana, naira, duk suna cikin akwatin gilashi a aji. Waɗannan su za su zauna tsakiya! Yara su taɓa tarihi da hannunsu. Daga nan mu kai Buza, mu kai Keita, ƙila har mu buɗe ɗan gidan tarihi na Adar! Ki naɗe su a zane, asabar ina tahe.

Biba: Ai ba su wurina.

Walid: Suna ina?

Biba: Wurin Jima maƙeri. Tun da hantsi na kai mishi ya narke su.

Walid: Ya mi?!

Biba: Ya narke! Awarwaro za ya yi ma Fatiha ƙanwarka, ta yi haihuwar fari hannunta wayam. Kuma ni ba ni aje mace tsirara a ɗakin da nike salla.

Walid: Innalillahi! Ba tsirara take ba, riga ce irin tasu! Kaka, don Allah tashi ki tahi maƙera yanzu!

Biba: Da wannan ƙafar?

Walid: Ai bayan gidan liman ne kawai! Zan kawo miki atamfa. Da goro. Da man zafi!

Biba: Ashe angon yana da aljihu. Bari in nemi takalmina.

Walid: Bar takalmin!

Biba: In taka kashin awaki don matar Nasara? … To, ga ni na fito. A'i! Ina kwana? Yaya mai jiki?

Walid: Kaka, ba lokacin gaisuwa ba ne! Kiredina ya kusa ƙarewa!

Biba: Rabu da shi, A'i, jikana ne, boko ya taɓa shi. … Kana jin zugazugi?

Walid: Ina ji! Ki ce ya tsaya!

Biba: Jima! Sannu da wuta. Ɗaga hannunka tukuna, Mushe na da magana. … Af.

Walid: Af mi? Kaka, af mi?

Biba: Sun zama ruwa, ɗan nan. Suna ta ƙyalli cikin kasko.

Walid: Duka?

Biba: Tsaya… ya ce guda ta rage, tana bakin awartaki. Kai Jima, aje ta! Aje, na ce! Sa ta a ruwa. Yauwa.

Walid: Alhamdu lillahi! Fuskar tana nan? Rubutun bai goge ba?

Biba: Tana nan da kumatunta. Kai, ashe da anka wanke ta kyakkyawa ce.

Walid: Ki riƙe ta da kyau! Guda ɗayan nan ta fi awarwaron duka. Samun irinta lahiya lau a ƙasarmu sai an sha wuya, kowa huda su yake yi. Abin gadon gidanmu ne, Kaka!

Biba: Abin gadon gidanmu?

Walid: Wallahi!

Biba: Shi ne za ka kai ma ƴan lakwal su yi ta lalube da hannun miya? Kai da ke ɗakin haya, ƙofa ba kuba?

Walid: A'a, ai gilashi…

Biba: Abu mai daraja haka wuyana ya dace da shi. Can ba mai taɓa ta sai na mutu.

Walid: To hoton fa? Sallar fa?

Biba: Sai in juya fuskarta ciki, ta rufa ma kanta asiri. Jima, ɗauko ƙusa ka huda min ita nan sama, in sa zare.

Walid: Kaka, a'a! In anka huda ta…

Biba: Mi? Ba ni jinka, guduma ta yi ƙara. Daidai kan gashinta, Jima. Buga!

Walid: Jima! Jima, kar ka…

Biba: Alo? Mushe? … Alo?