Ashe Ba Rubutu Ne Ya Makantar Da Mahaifinmu Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Garba masunci daga Kalmalo, Illela.

Kakanmu da mahaifinmu malamai ne, duk sun makance. Muna cewa yawan rubuta Alƙur'ani ne ya cinye musu ido, har alfahari muke yi. To ni da na bar allo tun ina yaro na kama taru, bara gefen idona ya fara duhu. Likita a Sakkwato ya ce hawan jinin ido ne na gado, in kawo 'ya'yana a gwada idanunsu tun da wuri. Yayana liman ya hana, wai leƙen gaibu ne.

Malamai masu sauraro, mi za ni yi? Nawa idon na haƙura da shi. Na 'ya'yana huɗu ne ba zan iya ba.