Goge Bayan Kunnen Ma

A ɗakin jira na asibitin yara, ina rungume da ɗiyata mai zazzaɓi, wata tsohuwa ta dubi matashiyar da ke gefenta tana goge kan jaririnta da jiƙaƙƙen tsumma.

"'Yar nan, goge bayan kunnen ma. Shafin mai maganin gargajiya ne ko?"

"Shi ne, Inna. Surukata ce ta shafa masa. Tsoro nake likita ya yi mini faɗa."

"Zai yi kuwa. In ya tambaya ko kin ba shi wani abu, ki ce ruwa da nono kawai."

"Amma ya sha jiƙo jiya. In na ɓoye ba zai cutu ba?"

"Jiƙo ai taimako ne. Likita da aikinsa, mai magani da nasa, ba a kai wa wannan labarin wancan."

"Kin saba zuwa ke nan?"

"Ni da bencin nan ai mun zama 'yan uwa. Jikana ne, tun bara ƙafafunsa ke kumbura. Su ɗebi jini, su canja ƙwaya, su sake ɗiba, har yau sun kasa gane kansa. Kullum tambayarsu ɗaya, me yake sha a gida?"

"Me kike ce musu?"

"Ruwa mana."

Matashiyar ta naɗe tsumman, ta bar sauran shafin a kan yaron. Da aka kira sunan ɗiyata, na ciro kwalbar jiƙon da ke aljihuna, na shiga da ita a hannu.