'Yan Tsana Masu Fuskar Nana Hafsat

A layin ofishin aika kaya a Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwarmu ke sarin kaya a ƙasar waje, wani Bakano ya leƙa kwalin matar da ke gabansa.

"Hajiya, 'yan tsana baƙaƙe, ga idanu a tsuke? Kuskuren kamfani ne?"

"Ni na sa aka yi su haka, Alhaji. 'Yata Nana Hafsat tana da lalurar galahanga. Na zaga kasuwa, duk 'yan tsana masu irin fuskarta farare ne. Mai kamfanin ya ce babu baƙa, sai na ba shi hotonta a matsayin samfur."

"Kai, Allah ya saka miki! Za su shiga kasuwa kuwa?"

"Ba na sayarwa ba ne. Iyayen da ke ɓoye irin yaran nan a ɗaki zan raba wa a Kano."

Sai ya rage murya.

"Hajiya, akwai namiji a ciki?"