Ƙarin da Ya Ɓata Hanya

A ɗakin jira na asibitin haƙori, wani tela mai kumburarren muƙamuƙi ya miƙe zai sulale, don tsoron wuƙar likita. Tsohuwar da ke gefensa ta riƙe masa riga.

"Ina zuwa, ɗan nan? Kai ne fa na gaba."

"Iya, na fasa. Wai ƙari ne, yau za a cire."

"Subhanallahi! Mugun nan?"

"A'a, likita ya ce ba daji ba ne, ba ya yaɗuwa. Daga inda haƙori ke tsirowa ya fito, har da 'yan ƙananan haƙora cunkushe a ciki. In an bar shi kuma, zai cinye ƙashin."

Tsohuwa ta tafa hannu, ta washe baki, dasashi zalla.

"Haƙora? Ashe kai ne! Tun da nawa suka zube nake roƙon Allah Ya yi mini ƙari. Ashe a bakinka aka sauke!"

"To Iya, alhakina yana wuyanki ke nan."

"Wuyan wa? Ni na roƙa, kai ka karɓa ka yi gum. Ka riƙe kayan mutane, kuma har da gudu?"

Dariya ta kuɓuce masa, ya dafe muƙamuƙi. "Wayyo! Ƙanana ne fa, kamar ƙwayar shinkafa."

"Nawa ne dai. Ban yafe ko ɗaya ba."

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo. "Na gaba!"

Tela ya gyara hula, ya nufi ɗakin likita.

"Ki jira ni, Iya. Amma in sun yi miki kaɗan, ba a dawo da kaya."