Bencin Dama da na Hagu

A barandar kotun ɗaukaka ƙara, wata mai goyo tana jiran a kira shari'arsu, sai wata tsohuwa ta zauna kusa da ita.

"'Yar nan, a nan ma kowa da ɓangaren da yake zama?"

"Haka na ga ana yi, Iya. Dangin mamaci dama, dangin mai laifi hagu. Shari'ar wa kika zo?"

"Ta ɗana. Ya amsa laifinsa da bakinsa, aka yanke masa kisa. Yau lauya zai roƙa a mayar masa ɗaurin rai da rai."

"Allah Ya sassauta. To hagu za ki zauna."

"Mamacin ma ni na haife shi. Wansa ne."

Mai goyo ta kai hannu baya ta dafa ɗanta.

"A wancan zaman kotun, hagu na zauna," in ji tsohuwar. "Jikokina marayun suna ɓangaren dama tare da uwarsu. Tun ranar ba su sake tako gidana ba."

"To yau ki koma dama, Iya. Yara ne, kada su tashi da abin a ransu."

"Shi kuma in ya waiwayo ya ga ba kowa a bayansa fa? Ke wanne za ki bari?"

"Ni ɗaya gare ni, Iya."

"Allah Ya raya miki."

Aka buɗe ƙofa. Mai goyo tana kallo tsohuwar ta shiga, ta tsaya cik tsakanin bencin dama da na hagu, har ɗan sanda ya ce, "Iya, ki zauna mana."