Kifin Ƙanƙara da Masarar Baba

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, gaisuwa daga unguwar Nyohini.

Na samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, kan kifin tekun ƙanƙara. Baba ya hana. Ya ce, "Kifin da ba a soyawa a kasuwar Aboabo, me za ki yi da shi?"

Na ce, "Baba, kifin nan ya gaji wani sinadari da ke hana jininsa daskarewa. Yanzu ruwan yana ɗumi, gadon bai ishe shi ba. Kamar masarar kakanni da kake shukawa, alhali damina ta canza lokaci."

Ya ce, "Kifin ya fi ki hankali, bai bar gidansu ba."

Shi ya sa kifin yake cikin haɗari, amma ban faɗa ba. Dattawa, ku ba ni shawara, ku ɗaga murya. Rediyon na gefen Baba.