Hamsin Ko Ɗari Da Talatin

Auta: Salamu alaikum. Yaya, kana ji na?

Yaya: Wa alaikumus salam. Auta ce? Ina kwana?

Auta: Lafiya lau. An tashi lafiya? Ya aiki?

Yaya: Aiki da godiya. Ya makaranta, ya ɗaliban naki?

Auta: Suna nan. Ya Inna da ƙafar tata?

Yaya: Da sauƙi, jiya har ta taka zuwa bakin ƙofa. Ke me ya sa kike magana ƙasa-ƙasa kamar mai satar nama a tukunya?

Auta: Ina cikin sito ne, inda ake tara karyayyun kujeru. Don Allah kashe injin yankan katakon nan, ba na jin ka.

Yaya: Na kashe. Lafiya dai?

Auta: Hedimasta ke jira na a ofis, na ce masa zan zagaya. Ka san tun da malamin lissafi ya tafi aka ɗora mini ajinsa, ni da tarihi na karanta.

Yaya: Na sani. Sai aka yi yaya?

Auta: Na yi musu gwaji a kan kusurwa. Wata yarinya ta ci ɗaya cikin biyar. Yau uwarta ta zo da takardar, tela ce, ta ce ita ko da ido ta san 'yarta ce da gaskiya.

Yaya: Ta ce me? Layin yana yankewa.

Auta: Ta ce ni ce ban iya ba. Kuma saura sati biyu a tabbatar da ni a aikin nan, Yaya.

Yaya: Kwantar da hankalinki. Zanen yana hannunki?

Auta: Ga takardar tambayoyin. A ta farko yarinyar ta rubuta digiri hamsin, ni kuma na auna ɗari da talatin.

Yaya: Me kika koya musu tukuna?

Auta: Abin da ke littafi. Ƙasa da casa'in tsukakkiya ce, casa'in cif tsayayya, sama da haka buɗaɗɗiya, ɗari da tamanin miƙaƙƙiya. Na haddace tsaf.

Yaya: Kin haddace sunayensu, amma kin taɓa kallon fuskarsu? Kama ƙofar siton nan, ki buɗe ta har ta tsaya tsaye da bango.

Auta: Za a gan ni.

Yaya: To bar ƙofar. Akwai littafi kusa? Ɗora gefen bangonsa a kan zanen, tsini a kan tsini, gefe ɗaya a kan layin ƙasa. Kusurwar littafi casa'in ce, ita ce sukwayar talaka, ma'aunin kusurwa na kafinta.

Auta: Na ɗora.

Yaya: Ɗaya layin ya leƙo waje, ko littafin ya rufe shi?

Auta: Ya rufe shi.

Yaya: To ta gaza casa'in ke nan. Abin da bai kai casa'in ba, ta ina zai zama ɗari da talatin?

Auta: Amma da ma'auni na auna, wannan robar mai rabin da'ira. Ga lambar nan ƙuru-ƙuru.

Yaya: Jerin lambobi nawa ne a jikinta?

Auta: Biyu. Na sama nake karantawa kullum, ya fi fitowa sosai.

Yaya: Me ke ƙarƙashin ɗari da talatin ɗin?

Auta: Hamsin.

Yaya: Auta? Kina nan?

Auta: Ina nan.

Yaya: Ba jerin da ya fi kyau ake bi ba. Wanda sifilinsa ya zauna a kan layinki, daga nan ake fara ƙirga. Tambaya ɗayar da yarinyar ta ci, ta casa'in ce, ko?

Auta: Ya aka yi ka sani?

Yaya: Casa'in ce kaɗai ba ta canzawa a jerin biyu. Da ni na yanka katako da lissafinki, da rufin ya faɗo wa masu gida a ka.

Auta: Yaya, yara arba'in da ɗaya sun bi ni, na ba su maki cikakke. Ita kaɗai ta ƙi. Na tsayar da ita gaban allo, na ce taurin kai ne da ita, aji ya yi mata dariya. Kunya nake ji kamar ƙasa ta tsage.

Yaya: Ai sai ki je ki faɗa da bakinki.

Auta: Da sauƙi a bakinka. Kai ka sayar da injinka ɗaya ka kai ni kwaleji. In suka sallame ni, da wane ido zan... Tsaya, ana taɓa ƙofa.

Yaya: Hedimastan ne?

Auta: Yarinyar ce, an aiko ta kira na. Na'am? Matso, ba na ji. Mu ga takardar.

Yaya: Me ta ce?

Auta: Ta ɗauke ta daga jakar uwarta. Yaya, ta goge hamsin ɗinta. Ta rubuta ɗari da talatin, duk amsoshin ta gyara su zuwa irin nawa. Wai in yi haƙuri, za ta ce musu ita ce ta yi kuskure, kada in daina kula ta.

Yaya: To. Ga hanya ta buɗe miki, ba wanda zai sani. Me za ki yi?

Auta: Ke, daina kuka. Ungo fensir, zauna a kujerar nan. Mayar da hamsin ɗinki, kuma ki danna da ƙarfi yadda kowa zai gani. Tare za mu shiga.

Yaya: Auta, saurara, in kin shiga ki fara da...

Auta: Kada ka gaya wa Inna tukuna. Sai na fito.